Jaridar 'Ya'yanmu: An Tsara Wa Malaminsu, Saura Mutanen Sabo



Samfurin jaridar unguwa da 'ya'yanmu masu karatun aikin jarida suka fitar ya kai mako uku yana yawo a hannun mutane. Shafi takwas ne, mai launi gaba da baya, an buga kwafi kaɗan don a gani a yi magana. Aikin kammala karatunsu ne, abin da suke kira furojet, kuma sun haɗo shi da rahoton binciken da suka yi kafin su zauna tsara jaridar. Sunanta ma bai tsaya ba tukuna, sun jero uku a shafin baya sun ce a zaɓa. A ƙarshen rahoton sun rubuta cewa in unguwa ta karɓa, suna so su riƙa fitar da ita duk mako biyu bayan sun gama makaranta, kuma tuni wasu masu gidaje da 'yan canji suka fara maganar tara musu jari. Wannan ne ya sa maganar ta wuce ta maki. Da a ce malaminsu kaɗai zai gani ya sa hannu a jefa a kabad, da sai mu ce Allah ya ba da sa'a mu yi shiru. Amma takarda ce da za ta fita da sunan Sabo, da kuɗin mutanen Sabo, a garin da har gobe ana kallonmu baƙi ko da a nan aka haifi kakanninmu. To dole a duba ta da kyau tun ba a zuba kuɗi ba.

Akwai abin yabo, kuma ba kaɗan ba. Taswirar unguwa da suka shimfiɗa a tsakiya, shafi na huɗu da na biyar, ita ce abu mafi daraja a jaridar. Da hannu aka zana ta, an sa masallatai, makarantun allo da na Islamiyya, wuraren ɗibar ruwa, kemis, da lunguna da sunayen da muke kiransu da su, ba sunan da ke rubuce a takardun hukuma ba. Duk inda samfurin ya je, a nan mutane ke tsayawa, kowa na neman ƙofar gidansu da ɗan yatsa. Haka hirar da suka yi da wata tsohuwa mai tuwo a shafi na shida, sun bar mata maganarta yadda ta faɗa, da Yarbancin da ke faɗo mata a tsakiya, ba su goge ta ta koma Hausar rediyo ba. Sun kuma sa kwanan watan Musulunci kusa da na Bature. Wanda ya yi waɗannan ya san unguwarsu. Abin mamakin shi ne yadda wannan sanin bai kai ga sauran shafukan ba.

Mun karanta rahoton binciken, kuma a nan muka ga inda gizo ke saƙar. Takardar tambayoyin da Turanci aka rubuta ta, a intanet aka ɗora ta, sannan aka tura a zaurukan WhatsApp na matasa da ɗalibai. To wa zai cika? Wanda ke da babbar waya, yake da data, yake jin Turanci, yake da lokacin zama yana danne-danne. Wato irinsu. Dillalin shanu da ke fita Akinyele tun asuba bai gani ba. Mai goro bai gani ba. Matan da ke cikin gida, waɗanda su ne suka fi kowa buƙatar a kai musu labari, ko jin ana yi ba su yi ba. Tambayoyin kansu ma, wane launi ka fi so, ƙwallo ka fi so ko labarin 'yan fim. Babu inda aka tambayi mutum ko boko yake karantawa ko ajami. Babu inda aka tambaye shi wa ke karanta masa takarda in ta zo daga asibiti ko daga kotu, ko a ina yake zama bayan La'asar, ko nawa zai iya cirewa daga aljihunsa ya saya. Sakamakon a fili yake: shafi ɗaya cur na ƙwallon Ingila, wani na 'yan fim, labarin unguwa kuma an matse shi a gefe.

Ba sabon abu ba ne a yi bincike a kan Sabo. Unguwar nan tun 1916 aka kafa ta, kuma a farkon shekarun 1960 wani mai bincike, Abner Cohen, ya zo ya zauna a cikinta fiye da shekara, yana bin yadda ake cinikin goro da na shanu, da yadda maigida ke saukar da fatake ya tsaya musu a kan bashi, da yadda dillali ke cin la'adarsa. Littafinsa ya fito a 1969, har yau ana karanta shi a jami'o'i. Ba mu ce duk abin da ya rubuta daidai ne ba, amma mutumin ya zauna ya saurara. Shi baƙo ne daga wata uwa duniya. 'Ya'yanmu kuwa ba sa buƙatar tafinta, ba sa buƙatar wanda zai gabatar da su. Kwana bakwai na zama a bakin shaguna da shiga gidajen gwaggonninsu da littafi da biro da ya ba su abin da fom ɗin intanet bai ba su ba.

Da sun zauna ɗin, abu na farko da za su gani shi ne a nan ba a karanta jarida da ido kaɗai. Mutum ɗaya ke riƙe da ita yana karantawa da ƙarfi, biyar ko goma suna ji, ana tsayawa ana gardama, wani ya ce maimaita wurin nan. Haka muka taso muka ga ana yi da Gaskiya Ta Fi Kwabo in motocin Arewa sun zo da ita, haka ake yi da Aminiya, haka ma yanzu ake yi da saƙon waya. A cikin gida kuma yaro ɗan firamare ne ke karanta wa uwarsa da kakarsa. Wannan kaɗai ya isa ya sauya tsarin shafi gaba ɗaya. Jimlar da mai karatu ba zai iya kai ƙarshenta da numfashi ɗaya ba ta yi tsawo. Labarin da aka fara a shafin farko aka ce a nemi ci gabansa a shafi na bakwai, kamar yadda suka yi har sau uku, kafin a buɗo wurin an ɓata zaren, wani ma ya zare takardar tsakiya ya tafi da ita. Manyan jaridu suna yin haka don su cusa kanu da yawa a gaba su ja hankalin mai wucewa a mota. Mu mai sayenmu a ƙafa yake, kuma ya san abin da ya zo saya. Kowane labari ya fara ya ƙare a shafinsa.

Sai maganar harshe da rubutu, wadda ita ce ta fi ci mana tuwo a ƙwarya. In aka cire taswira, shafi huɗu Turanci ne, biyu Hausar boko. Mun gane dalili, da Turanci ake ba da maki. Amma ajami fa? Wuri ɗaya tak ya fito, a goshin jaridar, a matsayin ado, kuma a karye: haruffan sun rabu da juna ɗaya-ɗaya, sun kuma jeru daga hagu zuwa dama. Abin da ke faruwa ke nan in aka liƙa rubutun Larabci a manhajar da ba a saita ta ba. Duk almajirin da ya kai izu biyu zai gani ya yi dariya, kuma abin da ido ke fara sauka a kai ke nan. Ashe a cikin waɗanda suka tsara babu wanda ya kai wa malamin allonsa ya duba.

Mu mun san unguwar nan. Dattawa da yawa, da fatake masu zuwa su koma, da mata da dama, ba sa karanta boko amma ajami kamar ruwa. Da shi ake rubuta bashi a littafin shago, da shi ake aika wasiƙa gida kafin waya ta zo. Magabata a aikin jarida ba su raina wannan ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a watan Janairu 1939, Abubakar Imam na editanta, da boko ake buga ta, amma ba a daɗe ba aka ga ba kowa take kaiwa ba, sai aka ƙara mata takardar ajami da ake kira 'Yar Gaskiya. A Kano kamfanin Triumph ya yi shekaru yana fitar da Alfijir da ajami zalla. Kai, ko takardar kuɗi da ke aljihunka, ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, ajami ne a jikinsu yake faɗa maka nawa ne, kuma mun tuna surutun da aka yi a 2007 da aka cire shi daga ƙananan takardu. To in Babban Banki ya san akwai masu karanta shi, jaridar Sabo ce za ta mayar da shi kwalliya?

Ba mu ce a juya jaridar duka ba. Shafi ɗaya ya isa, na baya, yadda mai ajami zai juya ta ya fara daga inda ya saba farawa. A zuba masa sanarwa, rasuwa, cigiya, da taƙaitaccen babban labari. Amma a lura, ajamin ma iri biyu ne a idon mutanenmu. Wanda ya yi allo ya saba da rubutun Warshu, mai kauri, fa'unsa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafunsa ɗigo ɗaya a sama, da ɗigon imala da ke ba da sautin e. Mu da muka bi ta Islamiyya mun fi sabawa da rubutun littattafan Masar da na Saudiyya. Ɗan Islamiyya zai iya lallaɓawa ya karanta na allo, amma tsohon da ya tashi da Warshu in ka ba shi siririn rubutun kwamfuta sai ya ce wannan na Larabawa ne ya ajiye. Don haka na allon za a bi. Akwai nau'in haruffan kwamfuta mai suna Alkalami da aka yi shi musamman a kan rubutun Kano, kuma kyauta ake saukar da shi. In ya gagara, akwai hanyar da ta fi sauƙi, wadda masu buga littattafan addini na kasuwar Kurmi suka daɗe a kai: a ba mai kyan hannu ya rubuta shafin da tawada, a ɗauki hotonsa a buga. Masu kyan hannu ba su ƙare a Sabo ba, kuma ɗan abin da za a ba su ma alheri ne.

Hausar bokon ita ma ba ta tsira ba. Nau'in haruffan da suka zaɓa ba shi da masu ƙugiya. A wasu wurare ɗ da ƙ da ɓ sun koma ɗan akwati, a wasu kuma an gaji an bar su d da k da b. Wani zai ce ai ana ganewa. Ana ganewa a saƙon waya tsakanin aboki da aboki. Amma ga kanun labari a shafi na uku: dillalai sun kai kara. Mu nan Sabo in aka ce Kara, kasuwar shanu ake nufi. Sai da aka karanto rabin labarin aka gane ƙara suka kai wurin hukuma a kan kuɗin shiga da ake karɓa. Haka baƙi da baki, haka ƙasa da kasa. Kuma ku tuna yaro ne zai karanta wa kakarsa, yaron da aka haifa a nan, wanda Yarbanci ya fi zama a bakinsa. In babu ƙugiya, yadda ya gani haka zai faɗa, jaridar da ya kamata ta gyara masa Hausa ita za ta ƙarasa ɓata ta. Gyaran ba ya cin ko kwabo. Kafin a zaɓi haruffa a rubuta ɓ, ɗ, ƙ manya da ƙanana a gwada, a kuma gwada a injin da zai buga, ba a fuskar kwamfuta kaɗai ba.

Girman rubutun kuwa, sai mai ido irin nasu. An raba shafi gida biyar a tsaye, kowane gida siriri, kalma mai tsawo sai an karya ta biyu. Akwai wurin da aka sa farin rubutu a kan baƙar ƙasa, da wani a kan hoto. A kwamfuta yana da kyau, ba musu. A takarda, ƙarƙashin rumfa, gab da Magariba, ga ido ɗan shekara hamsin da ɗoriya, ba ya karantuwa. Gida uku ya isa, baƙin rubutu a kan fari, a ƙara masa girma ko da za a rage labari ɗaya.

Yanzu ga shafin farko, kuma a nan muna roƙon 'ya'yanmu su saurara da kunnen basira. Hoton da ya cinye rabin shafin na mabarata ne a bakin titi, fuskokinsu a fili, har da yara. Ba mu ce a ɓoye ba. Bara matsala ce tamu, kowa ya san yadda gwamnatin Oyo ta kwashe mabarata daga nan ta kai Akinyele, da yadda wasu suka dawo, kuma jaridar da ba za ta iya taɓa wannan ba ba ta da amfani. Amma duk ɗan jaridar da ya shigo Sabo daga waje, hoton da yake ɗauka ke nan ya fita. Shi ne aka san mu da shi, shi da tsire da canji. In jaridarmu ta kanmu a fitowarta ta farko ta ɗora shi a goshi, me ta ƙara? A kai labarin ciki, a yi shi da zurfi, a ji ta bakinsu, a rufe fuskar yara. Haka hotunan 'yan mata biyu da ke shafin biki, waɗanda da gani daga Facebook aka ciro su. An tambayi iyayensu? Wannan kaɗai ya isa a rufe wa jarida ƙofar gidaje da dama.

Abin da ya fi hoton tayar mana da hankali shi ne ɗan labarin da ke ƙasansa, na sa-in-sa tsakanin wani mai acaɓa da fasinjansa a kan canji. Labarin bai kai ya kawo ba, an ma sasanta su a wurin. Amma kanun ya ambaci ƙabilar kowannensu, da jan rubutu, manya-manya. Ya 'ya'yanmu, kun manta Shasha? Watan Fabrairu 2021 ba nisa ba ne. Saɓani ne tsakanin mutane ƙalilan a kasuwa, kafin a ankara ya zama na Hausawa da Yarbawa a bakin mutane da cikin wayoyi. An rasa rayuka, an ƙona shaguna da gidaje, gwamna ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita, mutanenmu da yawa suka hau mota suka koma Arewa ba su shirya ba. Jaridar da ake bugawa a Kano in ta yi irin wannan kanu, mai karanta ta yana cikin danginsa. Tamu kuwa maƙwabcinmu na Mokola zai gani, wani zai ɗauki hoton kanun kaɗai ya tura, ba wanda zai tura bayanin da ke ƙasa cewa an sasanta. Alƙur'ani a Suratul Hujurat ya umarce mu da bin diddigin labari kafin mu ɗauka, don kada a cuci mutane cikin rashin sani. A wurin mai tsara shafi, wannan umarnin ya haɗa da girman haruffan da ya ba labari da launin da ya shafa masa. Ƙa'ida ɗaya muke so a rubuta a manna a bangon duk inda za su zauna aiki: ba a sa ƙabilar mutum a kanu.

Daga nan ne muka ga wani giɓi. Jaridar ta yi wa Turanci shafi huɗu, ba ta yi wa Yarbanci ko layi ɗaya ba. Alhali a ƙasar nan jarida da Yarbanci ta fara, Iwe Irohin, a Abeokuta, 1859, ana sayar da ita wuri 120. A Ibadan ɗin nan Awolowo ya kafa Tribune tun 1949. Muna zaune ne cikin mutanen da suka san darajar takarda, ku duba yadda ake tsayawa a kan Alaroye a tasha. Rabin shafi da Yarbanci, mai faɗa wa maƙwabta abin da ke gudana a Sabo daga bakin 'yan Sabo, ranar da za a rufe hanya don Idi ko Mauludi, ta'aziyyarmu in babbansu ya rasu, zai yi aikin da taron sulhu goma ba su yi ba. 'Ya'yanmu kuma suna jin harshen kamar su suka yi shi. Sai dai su ma a kula musu da ɗigoginsu da alamomin sautinsu, kada a yi musu abin da aka yi wa ƙugiyoyinmu.

Akwai abu biyu da suka shafi addini kai tsaye, kuma mu da muke tsayawa gaban sahu wani lokaci ba za mu tsallake su ba. Na farko, an sa Bisimilla da aya cikakkiya da Larabci a saman shafin farko. Niyya mai kyau ce. Amma ina jarida ke ƙarewa a Sabo? A hannun mai tsire, a hannun mai ƙosai, a ƙasan kwandon goro, daga nan sai kwata. Ba mai iya bin kwafi ɗari-ɗari ya tsare su. A cire ayar daga goshi. In za a yi filin wa'azi, a kawo ma'ana da Hausa, a faɗi sura da lambar aya, mai so ya buɗe Mus'hafinsa.

Na biyu ya fi wannan haɗari. Jadawalin lokutan salla da ke shafi na biyu na Kano ne, da alama daga wata kalanda aka kwafo. Ibadan tana yamma da Kano sosai, rana tana riga faɗuwa a can. A Azahar tazarar takan kai kusan minti goma sha takwas, a Magariba kuma tana motsi da lokacin shekara, wani lokaci goma da 'yan kai, wani lokaci ta haura ashirin. Ku ɗauka watan azumi ne, tsohuwa tana cikin ɗaki ba ta jin ladan saboda ƙarar janareto, jikanta ya duba jarida ya ce Hajiya lokaci ya yi. Ta sha ruwa rana na sama. Alhakin wa? In ba za a samo jadawalin Ibadan daga masallacin Juma'a a tabbatar da shi ba, gara a bar wurin fari.

Game da abin da za a zuba a ciki, mu 'yan kasuwa muna da shawara ɗaya. Sun sa farashin dala da na kwandon tumatir. Jaridar da ke fita duk mako biyu ba ta da abin cewa a kan dala, kafin tawada ta bushe farashin ya motsa sau nawa, kuma ɗan canji a wayarsa yake gani. Tumatir ma yau da gobe ba ɗaya ba. Abin da takarda ta fi waya a kansa shi ne abin da ake so a ajiye a sake dubawa: wa ya rasu, yaushe za a yi addu'a, ɗaurin aure da suna, cigiyar yaro ko ta ɗan'uwan da aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, sanarwar fadar Sarki, ranar rigakafi, inda ake rajistar katin ɗan ƙasa da na zaɓe da takardun da ake zuwa da su, sanarwar ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa da aka fassara yadda mai shago zai gane wane haraji ne na gaskiya, wane rasit ya kamata a ba shi. Wannan na ƙarshen kaɗai zai sa mutum ya sayi jarida ya ninke ya sa a aljihun gaba. A samfurin an ba duk waɗannan ɗan lungu a shafi na bakwai, ƙasan labarin ƙwallo.

Saura kuɗi, wanda rahoton ya ba shi layi uku kacal. Maɗaba'un Mokola ga su nan, tafiyar ƙafa ce, amma babu alamar an je an tambayi farashi. Da an je, da an faɗa musu cewa bugu mai cikakken launi faranti huɗu yake ci a kowace fuska, wanda masu injin ke kira filet, baƙi zalla kuma ɗaya. Da an faɗa musu cewa babbar takarda ɗaya in an ninke ta shafi huɗu take bayarwa, don haka jarida huɗu-huɗu take tafiya, kuma shafi takwas mai launi a takarda mai sheƙi kowane kwafi zai fi ƙarfin abin da mai turin baro zai bayar. Mutanen Zariya da suka sa wa tasu suna, farashin suka fara tsayarwa har ya shiga cikin sunan: kwabo. Daga abin da talaka zai iya biya ake farawa, sannan a ga shafi nawa da launi nawa kuɗin zai ɗauka. In aka fara daga kwalliya, to dole a nemi mai cike giɓi, kuma mun san yadda abin ke ƙarewa. Alhajin da ya biya kuɗin bugu wata uku a jere, ranar da yaronsa ya yi abin da ya kamata a rubuta, wa zai rubuta? Gara talla ƙanana guda ashirin daga masu shayi, teloli, direbobi da masu kemis, kowa da ɗan akwatinsa da farashi ɗaya sananne, da babban talla ɗaya daga mutum ɗaya. Tallan masu maganin da ke warkar da cuta arba'in kuma a yi masa iyaka tun yanzu.

Ga masu niyyar sa jari, shawararmu a dakata tukuna, ba a fasa ba. Su 'ya'yanmu su miƙa wa malaminsu wannan mai launin su karɓi makinsu, Allah ya sa su fita da sakamako mai kyau. Sannan su yi wa unguwa samfuri na biyu: takarda ɗaya a ninke, shafi huɗu, baƙar tawada, gaba da shafi na biyu Hausar boko mai ƙugiya, na uku a raba shi tsakanin Yarbanci da Turanci, baya ajami, taswirar kuma a buga ta daban a sayar, don za a saya. Kafin a kai maɗaba'a a gwada shi wuri uku, a rumfar dillalai, a wani gida cikin mata, da wurin wani maƙwabcinmu Bayarabe mai faɗin gaskiya. A miƙa wa mutum a ce karanta mana da ƙarfi, su kuma su koma gefe da biro, duk inda ya yi tuntuɓe ko ya kai takardar kusa da ido su sa alama. Shagonmu na nan a buɗe bayan La'asar, akwai benci, kuma akwai dattawa uku masu ajami da suka riga suka ce a kawo musu shafin baya su fara dubawa.